Ina Mariri, Ina Jimina? Namun Dajin da Suka Ɓace a Damargu

Matafiyin da ya tashi daga Damagaram ya nufi Tanut, ko ya ratsa kwarin Tarka zuwa Balbeji, zai ga gonakin hatsi, zai ga garken shanu da raƙuma da bisashe. Amma da wuya ya ga naman daji in ba zomo ko ƴar barewa ba. A da kuwa ba haka dajin Damargu yake ba. Jimina tana kiwo a cikinsa, mariri yana ratsa shi garke-garke, ga mena, ga raƙumin dawa. Yau yaron da aka haifa a wannan yanki sai dai ya ji sunansu a bakin tsofaffi. Ya kamata a san abin da ya kawar da su, domin a ceci waɗanda suka rage.

Masana sun raba dalilan ƙarewar dabbobi gida biyu: akwai waɗanda suke zuwa daga sauyin halin duniya, akwai kuma waɗanda hannun ɗan Adam yake jawowa.

Shaidar kashi na farko tana nan arewa da Damargu, a jahar Agadas. A wani wuri da ake kira Gadufawa an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da ake kira dinozor, waɗanda bisa lissafin masana suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi bincike a wurin, a 1976 ya raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna Ouranosaurus nigeriensis, wato an haɗa da sunan Nijar. An kuma samu ƙasusuwan wani ƙaton kada wanda tsawonsa ya wuce mita 9. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irin waɗannan ƙasusuwa da idonsa. Sauran dinozor na duniya sun ƙare wajen shekara miliyan 66 da suka wuce, sa'ad da wani babban dutse ya faɗo daga sararin sama a inda ƙasar Meksiko take yau. Lokacin babu ɗan Adam, balle a ɗora masa laifi.

Haka nan hamadar Tenere ta taɓa zama ƙasa mai tafkuna da ciyawa. A Gobero an samu ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye, a duwatsun Dabus kuma mutanen da sun sassaƙa siffar raƙumin dawa. Wajen shekara 5,000 da suka wuce ruwan sama ya ja baya, tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka yi kudu. Wannan sauyi ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana tafiya sannu a hankali.

Abin da ya faru a Damargu dabam ne, domin cikin ƙarni ɗaya kawai aka yi shi. A ƙarshen ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin manyan hajojin wannan ƙasa. Larabawan Gadamas suna zaune a garin Jajiduna suna saye, ayarin Abzinawa yana ɗauka zuwa Tarabulus, daga can a kai Turai inda mata suke ƙawata huluna da shi. Ana farautar jimina, wasu kuma suna kiwonta a gida. Cinikin ya mutu wajen 1914, amma kashe ta da kwashe ƙwanta ba su tsaya ba, har ta ƙare a dajin Nijar a farkon shekarun 2000.

Mariri kuwa farar dabba ce mai jan wuya, da dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi, wadda Abzinawa suke yin garkuwa da fatarta. Yana iya yin watanni bai sha ruwa ba, ɗanyar ciyawa da guna sun ishe shi. Da damina ya yi arewa, da bazara ya gangaro kudu. Farautar da, ta karnuka da tarko da doki, ba ta gama da shi ba. Abin da ya gama da shi abu uku ne da suka haɗu.

Na farko mota da bindigar zamani. Dabbar da aka kora da mota a fili cikin zafin rana ba ta da mafaka, a yini guda sai a hallaka garke. Na biyu ƙuncin wuri. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma jama'a ta ƙaru, gonaki suka tsallake iyakar. Rijiyoyi masu zurfi da aka haƙa a yankin kiwo sun amfani makiyaya ƙwarai, sai dai sun sa dabbobin gida sun zauna shekara cur a makiyayar da a da ake bar wa namun daji da rani. Na uku fari, na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985. Fari ba baƙo ba ne a Sahel, mariri ya sha tsallake shi ta hanyar yin kudu. Amma a wannan karo ya tarar kudu ta zama gona, arewa kuma ga mota. A cikin shekarun 1980 aka daina ganinsa a Nijar, a shekarar 2000 kuma ƙungiyar duniya ta kare halittu, IUCN, ta bayyana cewa ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya.

Wasu dabbobin suna bakin wannan rami yanzu. Gabas da Tanut akwai gandun Tarmit da Tin-Tumma, wanda gwamnati ta kafa a 2012. Nan ne mafakar adaks, wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho. A ƙidayar 2016 guda 3 kawai aka gani, bayan motoci da masu bindiga sun yawaita a yankin saboda aikin man fetur na Agadem. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa take ɗauke da sunanta, ita ma kaɗan ta rage a duwatsun Tarmit da na Abzin.

Duk da haka, abin da ɗan Adam ya ɓata yana iya gyaruwa muddin da sauran iri. Marirai da aka adana a gidajen dabbobi na ƙasashen waje, an soma mayar da jikokinsu dajin Cadi a 2016, suka hayayyafa, har a 2023 aka cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, 49 suka rage a 1996, da aka kare su suka haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji, maƙwabcin Balbeji, wanda aka kafa tun 1955 domin kare mariri da barewa. A Kelle, cikin ƙasar Gure, ana kiwon jimina da niyyar mayar da ita daji.

Damargu tana tsakanin Gadabeji da Tarmit, dabba kuwa ba ta san iyakar gandu ba. Saboda haka nauyi ya hau kan mutanen Tanut da Balbeji. Dokar 1998 mai tsara farauta da kare namun daji tana nan, amma ma'aikatan gandun daji kaɗai ba za su iya tsare daji mai wannan faɗi ba. Sai sarakuna da masu gari da ardo-ardo sun hana farautar mota a ƙasarsu ko wane ne mai motar, sai makiyayi ya bar ƙwan tuje da ɗan barewa inda ya gan su, sai mahukunta sun tsare burtali da makiyaya daga gatari da garma. Dinozor ya tafi ba dawowa, amma mena da adaks suna da rai, kuma makomarsu tana hannun mutanen wannan zamani. Allah ya sa a gane.