Kasa, Macijiyar da Ba Ta Saka Ƙwai

In mutum ya cika nauyin barci, akan ce yana barcin kasa. Amma kasar da ke kwance a gindin kunya, a gonakin shinkafar Kura da Bunkure, ba barci take yi ba, kwanto take yi. Takan shafe kwanaki a wuri guda tana jiran ɓera, kuma tun da ruwan madatsar Tiga ya fara ratsa Kadawa, hatsi ya yalwata, ɓeraye ba su yanke ba.

Kumurci da kububuwa ƙwai suke sakawa. Mesa ma haka, har ta nannaɗe su da jikinta. Ita kuwa kasa riƙe nata take yi a ciki sai sun nuna, sannan ta haifo 'ya'ya ashirin zuwa arba'in, kowanne cikin 'yar siririyar fata. Da ya yage ta ya fito, da dafinsa a baki. An taɓa samun wata daga Kenya da ta haifi 156 a zama ɗaya. Ganin wannan yawa ne ya sa wasu ke cewa 'ya'yan kan fasa cikin uwar su fito, ta mutu. Ba haka ba ne. Takan rame, ta murmure, ta sake ɗaukar ciki.

Masana sun ce kusan ɗaya cikin biyar na macizai da ƙadangaru haihuwa suke yi, kuma ɗabi'ar ta ɓullo fiye da sau 100 a zuriya daban-daban. Sanyi ne babban dalili. A arewacin Turai ƙwan da aka binne da ƙyar yake samun ɗumin ƙyanƙyashewa, amma uwa na iya bin rana da cikinta. To, a ƙasar Kano fa? Nan ribar ita ce tsaro. Ƙwai a rami abincin guza ne da tunku, ambaliya ma na iya ruɓar da shi. Wanda ke cikin kasa kuwa, wa zai taɓa? Nauyin ciki bai hana ta kwanto ba, tunda da ma ba gudu ke ciyar da ita ba.

Rashin gudun nan ne hatsarinta, domin ba ta kaucewa, taka ta ake yi. Mai ban ruwan dare ya sa takalmin roba mai tsawo, ya riƙe tocila. In an yi sara, kada a tsaga, kada a ɗaure, a garzaya asibiti.