Keke a Ƙofar Shago: Dabaibayi ko Turke?

"Baba, don Allah a fitar da keken nan waje, ya tare mini hanya."

"Ɗana, in na fitar ka tsaya mini a kansa?"

Wannan musayar na ji a wani shagon kayan masarufi a Ƙanƙara. Dattijon ya turo kekensa har cikin rumfa, ya jingine shi da buhun shinkafa, hannunsa ɗaya na kan sirdi yana cinikin sabulu da ɗayan. Mai shagon bai so ba, amma ya yi shiru. Irin wannan gardamar ta yawaita a Faskari da Sabuwa ma, don keke ya dawo da ƙarfinsa. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Sai kuma cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zo ya ƙarasa. Mutane da yawa suka jingine babur, suka kakkaɓe tsohon Rali ko Finis da ke rataye a zaure. Ga manomin da aka kore wa shanu, keken nan shi ne jakinsa, shi ne motarsa ta zuwa asibiti.

Mai shago yana da gaskiyarsa. Shagon ɗaki ɗaya ne, feda na kama riga, taya na shigo da laka, yaro na iya janyo keken ya faɗo masa.

Abin da ke damuna shi ne maganar da kowa ke yi wa mai keke: "Ai ka kulle shi ka bar shi waje." Wace kullewa? Makullin nan da ke manne a bayan sirdi, wanda ake dannawa ya ce ƙas a zare ɗan mabuɗi, aikinsa ɗaya ne: ya hana tayar baya juyawa. Bai ɗaure keken da komai ba. Dabaibayi ne. Dabaibayi kuwa yana amfani ga jaki saboda jaki ba ya saɓuwa a kafaɗa. Yi wa ɗan akuya dabaibayi ka bar shi bakin kasuwa, ka ma sauƙaƙa wa ɓarawo ɗauka. Kamar ka sa wa akwati kwaɗo ne ka ajiye shi a tasha ka tafi sallah: ba wanda zai buɗe shi a nan, gida za a kai shi a fasa a tsanake. Keke bai fi saurayi ɗaya ya ɗaga bayansa ya gangara da shi kan tayar gaba ba, kuma ranar kasuwa duk wanda ya gan shi zai ɗauka faci zai kai.

Turke ake buƙata. Sarƙa ta ratsa jikin keken kansa, ƙarfen nan mai kusurwa uku, ta haɗa da tayar baya, sannan ta zagaye abin da ba ya tumɓukewa: ƙarfen da aka kafa da siminti, ko itace mai kauri. Na ga wani yaro ya sa sarƙa mai kyau a tayar gaba kaɗai ya ɗaure da dirkar rumfa. Noti biyu ke riƙe da wannan tayar. Mai sifana zai kwance su kafin a auna maka mudun gero, ya bar maka taya da sarƙarka. Ita ma dirkar, in ta itace ce da aka cusa a rairayi, girgizawa biyu ta fito.

To, ina turken yake? Nan ne nake ganin an bar talaka shi kaɗai. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, har da bayar da lasin keke da baro da amalanke. Masu yankan rasit ba sa fashin ranar kasuwa. Amma ƙarfe goma da buhun siminti biyu a bakin layin shaguna, wannan ya gagara. A birnin Utrecht na ƙasar Holan, ma'ajiyar da ke tashar jirgin ƙasa tana ɗaukar keke 12,500. Mu ba mu nemi haka ba. Masu ajiyar kekuna da babura a manyan kasuwanni, waɗanda ke ba ka kati mai lamba su rataya ɗan'uwansa a kan keken, sun riga sun nuna hanya. Inuwa da shinge kawai suke buƙata a kasuwannin Sheme da 'Yankara.

Mu ma masu keke muna da sakaci. Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin ƙarfensu, ko a ƙarƙashin inda feda ke juyawa ko kusa da gindin sirdi. Na tambayi dattijon nan ko ya san tasa. Ya ce shekara goma sha yana hawa bai taɓa leƙawa ba. Muka kife keken a ƙofar shagon, ya goge baƙin mai da gefen hularsa, lambar ta fito. Mai shagon ya yago kwalin sabulu ya rubuta masa ita, dattijon ya ninke ya sa a aljihun gaba.