3.4 Tumbuɗi da Wahalar Shayarwa a Watannin Farko na Jariri

Bahaushe ya bambanta tumbuɗi da amai. Idan jariri ya sha nono, sai kaɗan daga ciki ya dawo ya zubo ta gefen bakinsa ba tare da yunƙuri ba, shi ake kira tumbuɗi. Amai kuwa yana zuwa ne da kakari da yunƙuri, kuma yakan galabaitar da yaro. Wannan bambanci ya yi daidai da na likitoci. Inda ake samun saɓani shi ne wajen fassara dalilin tumbuɗin da abin da ake yi masa.

A wurin likitoci, akwai wata tsoka a inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi, wadda aikinta shi ne rufe bakin tumbin bayan abinci ya shiga. Ga jariri wannan tsoka ba ta gama ƙwari ba. Ga shi abincinsa ruwa ne zalla, yawancin lokacinsa a kwance yake, tumbinsa kuma ɗan ƙarami ne, domin a ranar haihuwa abin da yake ɗauka bai wuce mililita 5 zuwa 7 ba, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. Don haka ne aƙalla jarirai 4 cikin 10 suke tumbuɗi. Yakan fara kafin mako 8, ya yi yawa wajen wata 4, sa'annan 9 cikin 10 su daina kafin su cika shekara. Yaron da yake tumbuɗi amma yana ƙiba, yana wasa, yana fitsari sau 6 ko fiye a rana, ba ya bukatar magani.

A al'ada kuwa akan ɗora laifin a wuri biyu: nonon uwa da belun yaro. Tsofaffi sukan gwada nonon mai jego, musamman 'yar fari, ta hanyar tatsa shi a ludayi a jefa tururuwa ko ƙuda a ciki. In ƙwaron ya mutu, sai a ce nonon ba shi da kyau, a hana yaro sha har sai an wanke shi da magani. Dakashi ma akan tatse shi a zubar, alhali shi ne yake ɗauke da garkuwar farko ta jikin yaro. A tsakanin nan ana ba jariri ruwa da dauri, wani lokaci har da zuma. Zuma tana da haɗari ga wanda bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da takan shanye masa jiki. Ruwa da dauri kuwa cika ɗan tumbin suke yi, su ƙara tumbuɗin da ake son magancewa, yaro ya rage kama nono, nonon uwar kuma ya ja baya, tun da yawan tsotso ne yake kawo shi. Da haka sai zargin da aka yi wa nonon ya zama kamar ya tabbata.

Cire belu aikin wanzami ne, kuma akan yi shi a kwanakin farko, a bisa imanin cewa belu yana hana haɗiya yana jawo amai. Gaskiyar magana ita ce belu ba shi da hannu a tumbuɗi. Abin da cirewar takan haifar shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, sa'annan zafin ciwon ya hana yaro kama nono na kwanaki. Haka nan ɗura, inda ake kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci a zuba masa ruwa ko kunu, tana iya tura abin cikin huhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2001 cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nonon ruwa ne. Sai dai binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 suke samun haka. Wannan ba abin mamaki ba ne a inda maganar kaka da ungozoma ta fi ta mai jego ƙarfi a kwanakin jego.

Abin da yake rage tumbuɗi ba shi da tsada. A riƙa ba yaro nono kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, kada a bari sai ya yi kukan yunwa ya haɗiyi iska. Bakinsa ya kama har baƙin da ya kewaye kan nonon, kansa kuma ya ɗara cikinsa tudu. In ya gama, a ɗora shi a kafaɗa a shafa bayansa ya yi gyatsa, a riƙe shi a miƙe na minti 20 zuwa 30. Kada a ɗaure shi da zane a goya nan take, domin matse ciki yana dawo da nonon. Wajen barci a kwantar da shi rigingine, ko da yana tumbuɗi, saboda kwanciyar rub da ciki tana da alaƙa da mutuwar jarirai cikin barci.

Akwai kuma alamun da suke nuna abin ya wuce tumbuɗi. Aman da yake fita da ƙarfi kamar feshi bayan kowane shan nono, ga yaro ɗan mako 2 zuwa 8, yana iya zama tsukewar mafitar tumbi, wadda ta fi kama 'ya'ya maza, kuma tiyata ce maganinta. Koren amai yana iya nuna toshewar hanji. Jini a cikin amai, zazzaɓi, kumburin ciki, ƙin kama nono gaba ɗaya, rama, ko faɗawar maɗiga, duk suna bukatar asibiti a ranar. Maɗiga musamman akan shafa mata magani a gida, alhali faɗawarta alama ce ta ƙarewar ruwa a jikin yaron.