Shin Kyanwa Tana Bukatar Abokiyar Zama?

A dogon hutun bara wata maƙwabciyarmu ta ba ni 'yar kyanwa fara mai baƙin tabo a goshi, wadda ba ta wuce mako 6 da haihuwa ba. Na sa mata suna Gimbiya. Duk tsawon hutun nan ni ne uwarta, ni ne kuma abokin wasanta. Da hutu ya ƙare na ɗauki akwatina na komo makaranta, na bar ta a hannun ƙanwata, wadda ita ma da safe tana firamare, da yamma tana Islamiyya.

Ranar ziyara ta farko, bayan mun gaisa, sai Inna ta ce mini, "Kyanwar nan taka ta hana mu sakat. Da dare kuka, da rana cizon ƙafar mutane da yagar labule. Babanku ya ce in ba ta daina ba, a buhu za a sa ta a kai ta bayan gari." Ranar ko abincin da aka kawo mini ban ji daɗinsa ba. Wani abokina ya ce kaɗaici ne ke damunta, in samo mata 'yar'uwa. Shawarar tana da kyau, amma akwai yadda ake bi da ita, kuma ni sai da na yi kuskure kafin na gane. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na koya daga malaminmu na aikin gona, da littattafan laburare, da kuma abin da idona ya gani.

Da farko ya kamata mu san halin dabbar. Masana sun nuna cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga wata kyanwar daji da ake samu a Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ita kaɗai take farautarta, ita kaɗai take tsare yankinta. Ta fara kusantar mutane ne kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da manoma suka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. A shekarar 2004 aka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da shi. To, duk da wannan daɗewa tare da mu, ba ta bar halin kakanninta duka ba. Kare da tumaki dabbobin taro ne. Kyanwa kuwa tana iya zama da 'yan'uwanta in abinci ya wadata, kamar yadda muke gani a bayan kicin ɗin makaranta ko wajen mahauta, amma galibi waɗanda ke zaune tare ɗin uwa ce da 'ya'yanta mata da jikokinta. Baƙuwa kuwa korar ta suke yi.

Wannan ya nuna cewa ba kowace kyanwa ce ke son abokiyar zama ba. Tsohuwar mage da ta shekara da shekaru ita kaɗai a gida, in ka kawo mata wata, ba gata ka yi mata ba. Amma ƙarama irin Gimbiya dabam ce. 'Yan kyanwa suna koyon zaman duniya ne ta hanyar wasa da 'yan'uwansu. In ɗaya ta ciji ɗaya da ƙarfi, sai waccan ta yi ƙara ta rama, ko ta daina wasan, da haka kowace ke koyon sassauta haƙori da maƙale farce. Shi ya sa ake so a bar su da uwarsu har mako 8, in da hali ma 12. Gimbiya an raba ta da 'yan'uwanta da wuri, saboda haka ƙafar Inna ta mayar abokiyar kokawa. Ga shi kuma kyanwa ta fi kuzari da asuba da magariba, lokacin da mutanen gida ke barci ko suke cikin hidima.

Yanzu ga kuskuren da na yi. Da muka je hutun rabin zango, na karɓo wani ƙaton muzuru daga gidan kawuna, na kawo shi cikin kwando, na buɗe a tsakar gida gaban Gimbiya, ina tsammanin za su yi murna da juna. Nan take gashinta ya miƙe, ta yi doro, tana huci. Kafin in ankara muzurun ya kai mata yagu a kunne, ta haye katanga, ba mu sake ganinta ba sai bayan kwana biyu, a yunwace, da jini a bushe a kunnenta. Shi kuwa muzurun ya bi bangon ɗakuna yana fesa fitsari, wato yana shaida wa duniya cewa gidan ya zama nasa. Kashegari na mayar da shi. Baba bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, wanda ya fi mini faɗa ciwo.

Da na komo makaranta na ba malaminmu labari, ya yi dariya ya ce, "Kai ma ranar da ka zo aji ɗaya, da an ɗauko wani ƙato ɗan aji shida an ce ku raba gado ɗaya da kwano ɗaya, ya za ka ji?" Sai ya yi mini bayanin yadda ake yi.

Abu na farko shi ne zaɓe. A nemi wadda ta yi kusa da ta gida a shekaru da girman jiki. Wanda bai riga ya ɗauki kyanwa ba, mafi sauƙi shi ne ya ɗauki biyu 'yan ciki ɗaya tun farko, don sun riga sun saba. A kuma duba lafiyar baƙuwar: ido ba kwantsa, hanci ba majina, jiki ba ƙuma, ba makero, domin makero yana kama mutane, musamman yara.

Abu na biyu, kada a bari su ga juna ranar farko. A sa baƙuwar a wani ɗaki ita kaɗai, da kwanon abincinta, da na ruwa, da kaskon yashi na bayan gida, da wani kwali da za ta ɓuya a ciki. Wannan keɓewa tana da amfani biyu: baƙuwar ta natsu, kuma in tana ɗauke da wata cuta a gane kafin ta shafa wa ta gida.

Abu na uku shi ne gabatar da su ta hanyar sansana, domin kyanwa da hanci take gane nata da bare. A kumatunta da goshinta akwai wuraren da ke fitar da wani ƙamshi wanda mu ba ma jin sa. In kun ga tana goga fuska a ƙafarku ko a ƙafar kujera, alama take sawa. Saboda haka sai a sami tsumma mai tsabta a goga a kumatun baƙuwar a ajiye wa ta gida, a yi haka da wani tsumman a kai wa baƙuwar. A riƙa musanya musu shimfiɗa. A kuma riƙa ba su abinci lokaci guda, ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a waje, ƙofa na rufe a tsakaninsu, har kowace ta haɗa warin ɗayar da daɗin abinci.

Abu na huɗu, in an ga sun daina yi wa tsumman huci, sai a ɗan buɗe ƙofar yadda za su ga juna ba tare da sun iya cafkar juna ba. Daga nan a bar su su haɗu na ɗan lokaci, da mutum a tsaye. Ɗan huci da ɗaga hannu ba abin tsoro ba ne. In faɗa ya kaure kuwa, kada a sa hannu, a tafa da ƙarfi ko a sa kwali a tsakaninsu, a koma matakin baya. Kada a doke su, don duka ƙara musu ƙin juna yake yi. Wasu mako ɗaya ya ishe su, wasu sai an yi wata da watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

A hutun da ya biyo baya na roƙi Baba ya ba ni dama ta ƙarshe. Na samo wata 'yar ja mai wata 3, muka sa mata suna Auta, muka sauke ta a ɗakin ajiya. Ni da ƙanwata muka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Kwana huɗu Gimbiya tana yi wa ƙofar huci. A rana ta goma sha biyu ƙanwata ta rugo ta kira ni, na tarar Gimbiya ta danne Auta tana lasar mata kunne. Tun daga lokacin, inji Inna, kokawarsu a tsakaninsu take ƙarewa, labule ya huta, maganar buhu kuma ba a sake tayar da ita ba.

Amma ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai su yi lissafi kafin su ƙara kyanwa, don baki biyu ba ɗaya ba ne. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta. Tana bukatar wani sinadari da ake kira taurin, wanda ke cikin nama da kifi, rashinsa kuwa yana jawo makanta da ciwon zuciya. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, madarar shanu tana sa da yawansu zawo, ƙwayar farasitamol guda ɗaya kuma tana iya kashe ta. Kowace tana son kwanonta dabam, nesa da na ɗayar. Kowace tana bukatar maganin tsutsar ciki, da allurar riga-kafin ciwon haukan kare daga wata 3, a wurin likitan dabbobi.

Sai babbar magana, wato haihuwa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin nata kimanin kwana 63 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya kamar huɗu. Mace da namiji ko 'yan ciki ɗaya ne za su hayayyafa. Wanda ya haɗa su bai kai su an yi musu aikin hana haihuwa ba, kafin shekara ta zagayo zai rasa inda zai sa ƙafa, daga nan kuma a koma maganar buhu. Mu duka namu mata ne, amma muzuran unguwa ba sa neman izini kafin su hauro katanga, don haka Baba da kansa ya kai su asibitin dabbobi.

Daga ƙarshe, shawarata ita ce: in kyanwarka ƙarama ce, tana wuni ita kaɗai, kana kuma da halin ciyar da biyu, to ka samo mata tsararta, ka haɗa su a hankali. In babba ce da ta saba da zamanta, ko kuwa abincin ɗaya ma da ƙyar ake samu, ka bar ta yadda take, ka riƙa ba ta ɗan lokaci kana mata wasa da zare safe da yamma. Duk dabbar da muka ajiye a gida amana ce a wuyanmu, kuma gara ɗaya da aka riƙe da kyau da biyu da aka wulaƙanta.