Faifan Da Ya Riga Dandali: Labarin Jesus Christ Superstar

A Amurka da Ingila akwai dattawa masu shekara sittin zuwa saba'in da in ka ambata musu Jesus Christ Superstar, ba fim ɗin 1973 ne zai fara faɗo musu a rai ba, ba kuma wasannin dandalin da aka yi ta yi daga baya ba. Abin da suke tunawa faifan garmaho ne guda biyu da suka fito a watan Oktoban 1970, tare da ɗan littafin da aka buga baitocin a ciki. A Amurka kwalin ruwan ƙasa ne, har da launin nasa suke kiran faifan. Da yawansu suna yara suka fara jin sa a ɗakin wani yayansu, suna bin littafin da ido, suna tashi su juya faifai in gefe ɗaya ya ƙare. Gefe huɗu ne, kusan awa ɗaya da rabi.

Labarin da ke ciki na makon ƙarshe ne na Yesu a Urushalima, kamar yadda littattafan Linjila na Kirista suka kawo shi: shigarsa birni, cin amanar Yahuza Iskariyoti, shari'a gaban Kayafa da Bilatus da Hirudus, sannan gicciye. Mai karatu Musulmi ya san aƙidarsa ta bambanta a nan, domin a Musulunci ba a kashe Annabi Isa (AS) ba, ba a kuma gicciye shi ba, sannan ba a yarda wani ya kwaikwayi annabi a wasa ba. Kiristoci da dama ma, kamar yadda za mu gani, ba su yi na'am da faifan ba. Amma tarihin yadda ya zo, da dalilin da ya sa ya zauna a zukatan mutane, abin sani ne.

Samari biyu 'yan Ingila ne suka yi shi. Andrew Lloyd Webber, haifaffen 1948, shi ya tsara kiɗa. Tim Rice, haifaffen 1944, shi ya rubuta baitoci. Kafin nan sun yi wani ɗan wasan waƙa kan labarin Yusuf da 'yan'uwansa, wanda aka fara nunawa a wata makaranta a Landan a 1968. Da suka zo da wannan sabon, burinsu a kai shi dandali, sai dai babu mai shirya wasan da ya yarda ya zuba kuɗinsa. Wa zai sayi tikitin ganin labarin Yesu da ihun gita mai lantarki? Kamfanin faifai na MCA ne ya karɓe su, ya fara gwada ruwa da waƙa ɗaya, "Superstar", a ƙarshen 1969, sannan ya amince a yi dukan aikin.

Wannan ƙin da aka yi musu shi ya zama alheri ga aikin. Faifai ba shi da labule, ba shi da tufafi, ba a ganin fuskar kowa. Dole suka cire duk wata magana ta baki, suka sa waƙa ta ɗauki labarin daga farko har ƙarshe, wanda shi ne tsarin opera na Turai, illa dai nan da kayan kiɗan rock aka yi. Dole kuma kowace murya ta fita daban, yadda mai sauraro zai gane wa ke magana ba tare da an faɗa masa ba. Shi ya sa Kayafa, babban malamin Yahudawa, wanda Victor Brox ya rera, ke da murya can ƙasa mai kauri, abokin aikinsa Annas kuma ke da siririya mai tsini kusa da ita. Duk wanda ya tashi da jin wasan kwaikwayo na rediyo ya san wannan daɗin: kai ne kake gina garin, kai ne kake yi wa kowa fuska, kuma ranar da aka nuna maka su a talabijin sai ka ji kamar an rage maka wani abu.

An ɗauki yawancin aikin a ɗakin naɗar sauti na Olympic da ke Landan. Makaɗan da suka riƙe ƙashin bayan kiɗan daga Grease Band suka fito, wato ƙungiyar da ke yi wa Joe Cocker kiɗa, aka haɗa su da babbar ƙungiyar masu goge da kayan busa, da kuma 'yan amshi. Ian Gillan ne ya rera Yesu, a lokacin bai daɗe da shiga ƙungiyar kiɗa ta Deep Purple ba, kuma cikin 'yan awoyi ya gama nasa. Masoya faifan har yau a kan waƙarsa ta lambun Getsamani suke tsayawa, inda muryar ke farawa a hankali kamar mai addu'a cikin gajiya, ta yi ta hawa har ta tsage da ƙara. Mawaƙa da yawa sun rera ta bayansa, wasu ma sun fi shi tsabtar murya, amma ta Gillan tana da wani ɗanyantaka na wanda bai riga ya haddace inda zai burge mutane ba. Murray Head ne Yahuza. Maryamu Magadaliya kuwa wata yarinya ce daga Hawaii, Yvonne Elliman, wadda aka tarar tana waƙa a wani kulob a unguwar Chelsea ta Landan, shekarunta ba su kai ashirin ba.

A kiɗan ma akwai abin lura. Waƙoƙin zamanin galibi bugu huɗu-huɗu suke tafiya, amma "Everything's Alright" bugu biyar-biyar ce, waƙar 'yan kasuwar Haikali kuma bakwai-bakwai, sai ta ba da jin turereniya da rashin natsuwa. Ita kuwa waƙar Hirudus, wadda Mike d'Abo ya rera, da salon kiɗan raha na tsofaffin gidajen wasa aka yi ta, don izgilin sarkin ya fito sosai.

To, ina rigimar take? Tim Rice ya ba da labarin ne ta idon Yahuza. Shi ke buɗe faifan, ba a matsayin mugu tsantsa ba, sai a matsayin almajiri mai tsoron cewa taron da ke bin malaminsa zai jawo musu fushin Romawa. Yesun da ke ciki mutum ne mai gajiya, mai fushi, mai shakka, kuma faifan ya ƙare da binnewa, ba a kawo tashi daga matattu ba, wanda shi ne ginshiƙin bangaskiyar Kirista. Wannan ya ɓata wa limaman coci da dama rai. Ƙungiyoyin Yahudawa su ma sun koka cewa yadda aka nuna manyan malamansu zai farfaɗo da tsohon zargin cewa su suka kashe Yesu, wanda ya jawo musu tsangwama a Turai shekaru aru-aru. BBC ta hana sa faifan da farko, Afirka ta Kudu ta haramta wasan. A ɗaya gefen kuma, Martin Sullivan, babban limami a cocin St Paul na Landan, ya rubuta 'yan kalmomin goyon baya da aka buga a kwalin waƙar "Superstar" da aka fara fitarwa, gidan rediyon Vatican ma ya sa faifan. Malaman addini matasa a Amurka suka riƙa kai shi ajin koyarwa, don sun ga yaran da ba sa buɗe Littafi Mai Tsarki suna gardama kan Bilatus.

A Ingila faifan bai yi wani tashe ba da farko. A Amurka ne ya kama wuta: ya hau saman jadawalin mujallar Billboard a 1971, kuma shi mujallar ta sa a matsayi na ɗaya a jerin faifan shekarar, gaba da Tapestry na Carole King. Zamanin yaƙin Vietnam ne, matasa suna tuhumar duk wani mai iko, wasunsu kuma suna komawa ga addini ta hanyoyin da iyayensu ba su saba ba. Makarantu da coci-coci da ƙananan ƙungiyoyi suka shiga rera shi a bainar jama'a ba da izini ba, har sai da Robert Stigwood, wanda ya riƙe haƙƙin wasan, ya riƙa kai ƙara kotu.

Daga nan masu dandalin da suka ƙi jiya suka buɗe ƙofa. An fara wasan a Broadway a Oktoban 1971, da kayan ado masu yawa da Lloyd Webber kansa bai ji daɗinsu ba. Na Landan ya buɗe a gidan wasa na Palace a 1972, ya yi shekara takwas ana yi. Norman Jewison ya ɗauki fim ɗin 1973 a Isra'ila, Ted Neeley a matsayin Yesu, Carl Anderson a matsayin Yahuza. Yvonne Elliman da Barry Dennen, mai rera Bilatus, sun bi aikin daga faifai zuwa Broadway zuwa fim. Gillan kuwa ya zaɓi ya ci gaba da yawon kiɗa da Deep Purple, don haka duk mai son jin yadda ya fara rera Getsamani, faifan 1970 zai nema, wanda aka sake gyara sautinsa aka fitar a 2021.