Shin Ko Kun San? Abin Da Ake Bugawa A Jikin Kwabo

Shin ko kun san kwabo mai huji, wanda dattawan Kalmalo suka yi cefane da shi a kasuwar Illela kafin naira ta zo a 1973, yana ɗauke da tauraro mai tsini shida, wato hatimin Annabi Sulaiman? Turawa sun fara buga shi a 1907, har da rubutun Larabci a jikinsa. Hujin tsakiya kuwa bai bar wa kan sarkin Ingila wuri ba, sai sunansa da kambinsa.

Rumawan dā kuwa ba su ji kunyar buga fuska a kwabo ba. Wajen shekara ta 225 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kowane kwabon tagulla na birnin Rum da abin bautar da aka ba shi. Babban cikinsu, as, na Janus ne mai fuska biyu, mai tsaron ƙofofi. Rabinsa na Saturn, sulusinsa na Minerva, rubu'insa na Hercules. Ko da mutum bai iya karatu ba, da ya ga fuskar gunki ya san darajar abin da ke hannunsa. Dabara ce, a faɗi gaskiya. A bayansu duka goshin jirgin ruwa ne, shi ya sa yaran Rum in sun cilla kwabo sama sukan ce "kai ko jirgi?"

Shin ko kun san Sarkin Rum Kustantin, wanda ya ɗaga Kiristanci a 313, ya ci gaba da buga allan rana a tagullarsa shekaru bayan haka? Kasuwa ba ta son sauyin gaggawa.

Musulmi ma haka suka gāda. Kuɗinsu na farko a Sham kwaikwayon na Rumawa ne, har da hoton sarki, sai a shekara ta 77 bayan Hijira Halifa Abdulmalik bin Marwan ya fitar da dinarin da babu hoto ko ɗaya, kalmar shahada da ayoyi kawai.

Yau ma, in kun tsallaka daga Illela zuwa Birnin Konni, ku duba dalar sefa da ɗan canji zai miƙo muku. Alamar da ke jikinta ma'aunin zinari ne na mutanen Akan, mai siffar kifi mai bakin zarto.