Wasiyya, Gado da Lauya: Gaskiya ko Jita-jita?

A gidaje da yawa, ana tashi daga sadakar bakwai sai maganar tarika ta taso. Wani ya ce yana bin marigayi bashi, amarya ta ce gidan da take ciki kyauta aka ba ta, ƙanin mamaci ya ce rabin shagon kasuwa jarinsa ne. Mai raba gardamar kuwa yana kabari. Takarda guda mai shaidu za ta iya kashe yawancin wannan rigima, amma wasu maganganu da ke yawo a gari suna hana mutane rubuta ta, ko su sa a rubuta wadda kotu ba za ta karɓa ba. Ga bakwai daga cikinsu.

"Musulmi ba ya buƙatar wasiyya, Allah ya riga ya raba gado."

Rabinta gaskiya. Ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka wa magada kasonsu, kuma ba mai ikon canza shi. Amma ayoyin rabon da kansu sun ce sai an fitar da wasiyya da bashi tukuna. Malamin da zai yi rabo ya san tumunin mata da sudusin uwa, amma bai san wa kake bi ba, wa ke bin ka, kuɗin wa ke ajiye a hannunka amana, ko wane fili ka saya da sunan wani. Kai kaɗai ka san waɗannan. Shi ya sa hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Masu ganin rubuta ta kiran mutuwa ne, su tuna ajali ba ya jiran a sa hannu.

"Dukiyata ce, wanda na ga dama zan rubuta wa."

Jita-jita. Akwai iyaka biyu. Ta farko, wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya taƙaita wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya yi jinya a Makka ya so ya bayar da fiye da haka. Ta biyu, ba a yi wa mai gado wasiyya, sai in sauran magada sun amince.

A ce mutum ya bar naira miliyan 12 bayan hidimar jana'iza, ana bin sa miliyan 3. Saura miliyan 9, don haka wasiyyarsa ba za ta haura miliyan 3 ba. In ya cike sulusin, miliyan 6 ce ta magada. Matansa biyu su raba tumuni, kowacce 375,000. In iyayensa sun riga shi, 'ya'yansa maza biyu kowa ya sami miliyan 1.5, mata uku kowacce 750,000.

Amfanin sulusin shi ne waɗanda gado ba ya kaiwa gare su: agola, ɗan riƙo, ɗan'uwan da ba Musulmi ba, Islamiyyar unguwa, da jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa alhali baffanninsu na raye. Masar ta wajabta wa irin waɗannan jikoki kaso a dokarta ta 1946. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, in kaka bai rubuta musu ba, sai abin da baffanni suka ga dama.

"In lauya ya rubuta ta boko, an tsallake ƙa'idar sulusi."

Ya danganta da jiha. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yinusa, Kotun Ƙoli ta ce Musulmin da ya rubuta wasiyya bisa dokar Ingila ta 1837 yana iya rarraba dukiyarsa yadda ya so, ko da ya saɓa wa rabon Malikiyya. Bayan haka jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi dokokin wasiyya nasu, suka sa sharaɗin da ya hana wanda ke ƙarƙashin shari'ar Musulunci yin haka. A 2007, a shari'ar Ajibaiye, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da rushe wasiyyar wani Alhaji a jihar Kwara bisa wannan dalili. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan wasiyya, kyauta, waƙafi da gadon Musulmi. Wanda ya nemi zagaye shari'a ta hannun lauya, doguwar ƙara ya bar wa iyalinsa.

"Na rubuta da hannuna na ajiye a akwati, ya isa."

Jita-jita. A Malikiyya, ko an tabbatar rubutun mamaci ne, ba a zartar da shi in bai kafa shaidu ba kuma bai ce a zartar ba, domin ƙila ya rubuta ne yana shawara. Wasiyyar baki tana inganta in akwai shaidu biyu adalai, sai dai shaidu na mutuwa, suna kuma mantuwa. A dokar boko kuwa, dole a rubuta, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda, su ma su sa nasu. Shaidan da aka yi wa kyauta a cikin takardar ya rasa kyautar, haka ma in matarsa ko mijinta aka yi wa. Ana iya ajiye kwafi a rufe a ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotun Jiha.

"Ai na ba shi gidan tun ina raye."

Nan ne aka fi yin kuka. Kyauta a Malikiyya ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko cutar ajali ta kama shi. Uban da ya ce wa babban ɗansa "shagon nan naka ne", amma ya ci gaba da karɓar kuɗin haya har ya rasu, shagon tarika ya koma. Kyautar da aka yi a kan gadon jinyar ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka: daga sulusi, kuma ba ga mai gado ba. In da gaske kake, kira shaidu, miƙa makulli, a sauya sunan da ke kan takardar.

"Wanda na sa a matsayin nes-of-kin a banki shi zai kwashe kuɗin."

Jita-jita. Wannan gurbi na wanda za a tuntuɓa ne in wani abu ya faru, bai mayar da shi mai gado ba. Banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗi. Dokar fansho ta 2014 ma ta ce sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci za a biya abin da ke asusun ma'aikaci.

"Lauya na masu kuɗi ne, kuma kowanne ma ya iya."

Duka biyu ba haka ba ne. Mai gida ɗaya da mata biyu ya fi attajiri buƙatar tsari, domin gida ɗaya ba ya rabuwa cikin sauƙi. Kuma gwanin shari'ar zaɓe ba lallai ya san mirasi ba. Nemi wanda ke zuwa kotunan shari'a da Babbar Kotu duka. Tambayi reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku, ko waɗanda aka taɓa raba musu gado lafiya. Lauyan gaske yana da lambar rajista a Kotun Ƙoli, da hatimin NBA da yake mannawa a takardun da ya shirya. Mata masu ƙaramin ƙarfi suna iya neman shawarar ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Kafin ka biya ko sisi, tambaye shi: wace dokar wasiyya ke aiki a jihar nan? Dukiyar da ke wata jiha fa? Nawa ne kuɗin aikin, a rubuce? Ina za a ajiye takardar, wa zai san tana nan? Ka je da jerin dukiya, basussuka da sunayen magada, ka kuma sa malamin gado ya duba kafin sa hannu. Wasiyyin da za ka naɗa ya zartar da ita, nemi yardarsa tun yanzu. In ka ƙara aure, ko aka yi haihuwa, ko ka sayar da gida, koma a gyara. Muddin kana raye da hankalinka, kana da ikon canza wasiyya ko soke ta gaba ɗaya.